Ƙofa Uku, Ƙofa Biyu, Ƙofa Ɗaya: Asalin Rabon Gurabe a Jami'ar Maiduguri

A watan Yulin 2025, 'yan kwanaki bayan rasuwar Muhammadu Buhari, Shugaba Tinubu ya sanar da sauya wa Jami'ar Maiduguri suna zuwa na marigayin, a shekarar da ta cika hamsin da kafuwa. Reshen ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na jami'ar ya ce bai yarda ba, tsofaffin ɗalibai suka yi ca, aka yi ta ja-in-ja a kan wa ke da jami'ar. Iyayen yara kuwa sun daɗe da tasu tambayar: yaron da ba ɗan jihar ba, ina rabonsa idan an zo raba gurabe?

Tun zamanin Birnin Gazargamu har zuwa Kukawa, Borno wurin zuwa karatu ce. Almajiran Kano da Katsina da Damagaram suna tafiya gabas neman hadda, tsangaya kuma ba ta tambayar takardar asali. Turawa ne suka zo da lissafin larduna. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 daga lardunan Arewa take kwaso yara, kuma a nan Kashim Ibrahim ya yi karatu. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta zo a 1948, 'yan Arewa a cikinta ba su taka kara sun karya ba, abin da ya sa Sardauna ya dage har aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ita kuwa kota, wato raba gurabe bisa yanki, a gidan soja ta fara ƙarfi: a 1961 aka ce rabin hafsoshin da za a ɗauka su fito daga Arewa, Gabas da Yamma su raba sauran rabin.

Labarin namu ya soma sosai ne a 1975. A lokacin Maiduguri ce hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, jiha guda tun daga bakin Tafkin Chadi har tsaunukan Mambila, kuma babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Gwamnatin soja, da kuɗin mai a hannu, ta kafa sababbin jami'o'i bakwai: Maiduguri, Jos, Sakkwato, Kano, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Ta Maiduguri ta gaji harabar kwalejin share fagen shiga jami'a da jihar ta gina a kan hanyar Bama, wadda ake kira NECAS. Shugabanta na farko, Farfesa Essien-Udom, mutumin yankin da yau ake kira Akwa Ibom ne. Da yau ne aka yi irin wannan naɗi, da sai an kai ruwa rana.

A wancan zamani kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta. Yaro ɗaya mai ƙoƙari sai ya samu gurbi a wuri uku, ya tafi ɗaya, biyu su zauna babu kowa. Don magance wannan aka kafa JAMB a 1978, Michael Angulu ya zama magatakardanta na farko. Sai dai da aka haɗa kowa a jarrabawa guda, tazarar boko tsakanin Kudu da Arewa ta fito fili, har ɗalibai suka yi zanga-zanga a jami'o'in Arewa a 1979. A shekarar ce kuma tsarin mulki ya shigar da ƙa'idar raba-daidai, wadda Murtala Muhammad ya fara ambata a 1975 gaban kwamitin rubuta tsarin mulki. Zuwa farkon shekarun 1980, zamanin Shagari, an fitar da ma'auni: kashi 40 cikin ɗari na cancanta, 30 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da ke baya a boko, 10 kuma jami'a ta yi yadda ta ga dama. Wannan goman ta ƙarshe ta zama ta masu uwa a gindin murhu, sai aka soke ta a 2000, lissafi ya koma 45, 35 da 20. A kansa ake har yau.

Mu ɗauki sashe mai gurbi ɗari. Arba'in da biyar na waɗanda suka fi maki ne, ko daga ina suke. Talatin da biyar na jihohin yankin ne: Borno, Yobe, Adamawa, Taraba, Bauchi da Gombe. Ashirin na jihohi 23 ne da aka ce suna baya, kuma duk shidan nan suna cikinsu. Ke nan ɗan Borno ƙofa uku gare shi, in wannan ta rufe ya ƙwanƙwasa waccan. Bakano ko Bakatsine ba ya cikin yankin, amma jiharsa tana cikin 23, yana da ƙofa biyu. Ɗan Imo ko Oyo ƙofa ɗaya tak, kuma a bakinta zai tarar da haziƙan sauran duka. A fannin likitanci da lauya da haɗa magunguna da aikin jinya, inda masu nema suka ninka gurabe, maki kaɗan ne ke raba mai shiga da mai jiran baɗi. A fannin noma ko koyarwa kuwa, baƙo bai cika jin wannan bambanci ba.

'Yan Kudu da yawa suna cewa an ƙirƙiro tsarin ne don a goya Arewa. Akwai ƙamshin gaskiya a kashi ashirin ɗin nan, amma su duba jerin: Ribas da Bayelsa da Ebonyi da Kuros Riba duk suna ciki. Kason yanki kuwa, wanda ya fi girma, yadda yake kare ɗan Yobe a Maiduguri haka yake kare ɗan Enugu a Nsukka da ɗan Oyo a Ibadan. Wasu kuma suna ɗora komai a kan Boko Haram, wai ita ta kori baƙi. Lalle tun 2009 iyaye da yawa sun daina tura 'ya'yansu, balle bayan bam ɗin da ya tashi a masallacin jami'ar a Janairun 2017, duk da jami'ar ba ta rufe ba. Amma tsoro yana hana mutum nema ne, shi kuwa ma'aunin ya girmi rikicin da kusan shekara talatin.

A ganina inda gizo ke saƙar shi ne yanka jihohi da takardar indijin. A 1976 aka raba Arewa maso Gabas gida uku: Borno, Bauchi, Gongola. A 1991 Yobe ta fita daga Borno, Gongola ta zama Adamawa da Taraba. A 1996 Gombe ta fita daga Bauchi. Kowace yanka sai ta haifi sababbin baƙi. Mutumin Potiskum da ya kwana ɗan jiha a Yerwa, wato Maiduguri, ya wayi gari ɗan wata jiha. A jami'ar tarayya abin bai taɓa shi ba, tunda Yobe tana cikin yankin. Amma da jami'o'in jihohi suka fara tsirowa, ta Adamawa a Mubi a 2002, ta Gombe a 2004, ta Yobe a 2006, ta Taraba a 2008, ta Bauchi a Gadau a 2011, ta Borno a 2016, sai kowace ta sa 'ya'yanta a gaba, wanda ba ɗan jiha ba kuma galibi kuɗin makarantarsa ya fi yawa. Ba na ganin laifin gwamnan da ya ce kuɗin jiharsa na mutanensa ne. Tambayar ita ce su wane ne mutanen nasa.

A nan ne takarda take shigowa. Kason yanki da sunan wurin zama aka yi shi, don yaron da ke kusa da jami'a ya amfana da ita, amma da jihar asali ake aunawa. Ranar rajistar JAMB yaro yana zaune gaban kwamfuta, mai cike fom ya tambaye shi jiha da ƙaramar hukuma, abin da ya faɗa kuma sai ya kawo shaidarsa ranar tantancewa. Shaidar kuwa hanyarta sananniya ce: bulama ya ce ya san uban, lawan ya tabbatar, a kai wa hakimi, sannan sakateriyar ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Yaron da aka haifa a Hausari ko Gwange ko Bulumkutu, wanda kakansa ya zo fatauci daga Kano, ko ya biyo jirgin ƙasa da ya iso garin a 1964, yana iya jin Kanuri kamar ɗan Shehuri, ya yi firamare da sakandare duk a garin, ya sha dokar hana fita tare da kowa, amma a ce masa ya je garin kakansa ya karɓo takarda. Can kuma a ce ba a san shi ba. A Amurka ma jami'o'in jihohi suna fifita 'yan jiha, sai dai da zama suke aunawa, galibi shekara guda, ba da kabarin kaka ba.

Hujjar 1975 ma ta yi rauni. Da can Maiduguri ce kaɗai a yankin, dole a ware wa yaran yankin rabo. Yau akwai jami'ar tarayya a Bauchi tun 1980, a Yola tun 1981, a Kashere da Wukari tun 2011, a Gashuwa tun 2013. Duk da haka ba zan ce a soke kason ba. Yaron Gwoza ko Kala Balge da ya yi shekaru a sansanin gudun hijira babu aji babu malami, a jera shi da ɗan makarantar kuɗi ta Legas a ce kowa tasa ta fisshe shi, wannan ba adalci ba ne. Abin gyara shi ne ma'aunin: a duba inda yaro ya tashi da makarantar da ya yi.

A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta fito da manhajar CAPS, wadda ta wajabta wa jami'o'i su bi ta intanet wajen ba da gurbi, ɗalibi yana ganin matsayinsa a wayarsa. Ta rage cuwa-cuwa, amma 45, 35 da 20 suna nan daram, ga masu zana jarrabawar sun doshi miliyan biyu a shekara. Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai bai wa wanda ya shekara goma a jiha damar zama ɗan asalinta. Suka ta yi masa yawa daga Kudu da Arewa, ya janye shi a 2025.