Dutsen Arlit da Hanyarsa

Ya kai mai karatu, in Allah ya kai ka Yamai, ka sauka unguwar Kalley wajen Babbar Kasuwa, to, daure ka taka zuwa bakin kogi. Za ka ga otel ɗin Gaweye da babban zauren taro a gefensa. An gina su lokacin da kuɗin wani dutse suka cika baitulmali. Sunan dutsen uraniyom. Ga tarihinsa.

A 1957 Faransawa suna neman jan ƙarfe a Azelik, cikin ƙasar Agadas, sai suka tarar da shi. Da shi ake samun wutar lantarki mai yawa. Da shi kuma ake ƙera bam ɗin da ke shafe gari ɗungum. Shi ya sa manyan ƙasashe ba su ɗauke shi kamar gyaɗa ko fata ba. A wurinsu maganar tsaron ƙasa ce.

Nijar ta sami mulkin kai a 1960. A 1961 ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa. A ciki aka ce in za a sayar da irin wannan ma'adini, Faransa ce a gaba. Kamfanin Somair ya fara haƙa a Arlit a 1971, na Cominak kuma a Akuta a 1978.

Ka san halin manomin da ke da mai saye ɗaya tak. Ba shi ke yanka kuɗi ba. A 1973 man fetur ya yi tsada, Faransa ta ƙara dogara ga uraniyom. Shugaba Jori Hamani ya nemi ƙarin kuɗi. Ana cikin ciniki, ga kuma fari da yunwa, sai soja suka kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974. Saini Kunce ya hau.

Daga nan kuɗin dutsen ya tashi. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi gine-ginen Yamai. A 1981 an haƙo fiye da tan 4,000. Amma kasuwar ta faɗi, bashi ya rage a wuyan ƙasa. Dutsenmu yana haska biranen Turai, ƙauyukanmu da yawa suna kwana da fitila.

Yanzu dubi hanyarsa. Nijar ba ta da teku. Shekara da shekaru manyan motoci ke ɗauko garin uraniyom daga Arlit, su bi Tawa, Doso da Gaya, su shiga Benin. Daga tashar Kwatano jirgin ruwa ya kai shi Faransa, can ake tace shi. Sarƙa ce: zobe ɗaya ya tsinke, duka ta zube.

Haka kuwa aka yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka taru a Arlit. Nijeriya ma ta yanke wutar da take ba Yamai, unguwanni irin su Kalley suka sha duhu. A Yuni 2025 gwamnati ta karɓe Somair daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Ramin Akuta kuwa tun 2021 aka rufe shi, domin dutse ba gero ba ne, ba ya sake tsirowa.

To, ɗan'uwa, mallakar rami kaɗai ba ta isa ba. Sai da hanya fiye da ɗaya, da masu saye da yawa, da ƴan ƙasa masu ilimin aikin. Kai ma da ka iya karatu yanzu, in ka ji an ambaci uraniyom a rediyo, yi tambaya uku: wa ya saya, nawa ya biya, ina kuɗin suka shiga?