Zaɓen Da Ya Buɗe Wa Farage Ƙofa

Yau Birtaniya za mu leƙa.

Ranar 7 ga Yunin 1979 'yan Birtaniya suka fara zaɓen wakilansu a Majalisar Tarayyar Turai kai tsaye. Kafin nan, daga majalisar ƙasa ake tura wakilai. Kujeru 81 aka ware wa ƙasar, amma mutum ɗaya cikin uku ma bai cika fitowa ba. Jam'iyyar Conservative ta Margaret Thatcher ta kwashe kujeru 60, Labour ta samu 17. Ita kuwa Liberal, duk da kusan kashi 13 cikin 100 na ƙuri'u, ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Dalili? A kusan kowace mazaɓa wanda ya zo na ɗaya ne ke ɗauka, sauran kuwa sai haƙuri.

A 1999 aka sauya tsari, aka koma raba kujeru gwargwadon ƙuri'un jam'iyya. To a nan fa labarin yake. Wata ƙaramar jam'iyya, UKIP, mai neman Birtaniya ta fice daga Tarayyar, ta samu kujeru 3. Ɗaya ta Nigel Farage ce. Daga zauren majalisar ya riƙa sukar Tarayyar, sunansa ya fito. A 2014 UKIP ta zo ta ɗaya da kujeru 24. A 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 suka zaɓi ficewa.

Kun ga ke nan, yadda ake ƙirga ƙuri'a kan sauya makomar ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.