Daga Doka Zuwa Shuku: Tarihin Kan Amarya A Ƙasar Ruma Da Safana

Mai karatu, ka taɓa lura cewa a duk finafinan Hausa da ka kalla, da wuya ka tuna sin ɗaya da aka nuna kitson amarya? Za ka ga lalle, ka ga gwaggwaro, ka ga ƙawaye sun jeru ana liƙi. Amma kan da aka ɓata yini guda ana kitsawa, shiru kake ji.

Abin ya faɗo mini a rai ne a bikin ƙanwata a Batsari. Ana saura kwana biyu ɗaurin aure, gardama ta kaure a tsakar gida. Ƙawayen amarya sun zo da hoto a waya, wai shi za a yi mata, da ƙarin gashin doki har gadon baya. Gwaggonmu ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Ke ɗiyar nan, wannan kan wa ne? Mu da aka kai mu, daga nesa ake gane ko ɗiyar wane gida ce." Amarya ta ce, "Haba Gwaggo, wa zai gani? Ai ɗankwali zan ɗaura." Kowace a cikinsu ta faɗi gaskiyar zamaninta.

A zamanin su Gwaggo da iyayensu, amarya ba ta zaɓar kitso. Makitsiyar gidansu ce ke zuwa da kibiyarta, tsofaffi na zaune suna kallo. Babban kitson matan Hausa a da shi ne doka: a tattaro gashi daga gefe da gefe, a cusa masa tsumma a ciki, ya tashi kamar tudu tun daga goshi har ƙeya. A shafe shi da man shanu, a bi shi da shuni har ya riƙa ƙyalli. Aiki ne na yini, shi ya sa in an yi shi sai ya yi makonni ba a tsefe ba. Ka tambayi kowace tsohuwa yadda suke kwanciya da shi, za ka sha dariya.

To amma Batsari da Safana ba Hausawa kaɗai ba ne. Ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina duk sun jingina da Dajin Rugu, inda Fulani suka daɗe suna kiwo. Amaryar ruga nata daban ne: dogayen kitso a sako su ta gefen kunne, a jera masu duwatsu da azurfa. Da Turawa suka kawo kwabo da anini masu huda a tsakiya, su ma suka hau kai. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kawunan nan biyu suka dogara da juna. Man shanun da ake shafa wa dokar Bahaushiya daga ƙwaryar Bafillatana ya fito. Shuni da tsakiyar da Bafillatana ke so kuma a kasuwar gari take samu. Har gobe in budurwa ta ce a yi mata "kitson Fulani", babu makitsiyar da za ta tambaye ta me take nufi.

Daga baya baƙin kitso suka shigo, kuma sunayensu sun tona asalinsu. Shuku kalmar Yarabawa ce. Kalaba kuwa sunan birnin Kalaba ne. Sun fi doka sauƙi, ba ruwansu da tsumma da shuni, kuma suna kwanciya lafiya ƙarƙashin ɗankwali.

Wannan na ƙarshen shi ne ya yanke hukunci. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yawaitar makarantun Islamiyya, hijabi ya zama tufar fita ta kowace mace. A 2000 Jihar Katsina ta bi sahun masu ƙaddamar da Shari'a. Sai kitso ya tashi daga ado na bainar jama'a ya koma sirrin ɗaki, daga miji sai 'yan'uwa mata. Malamai kuma suna ta tunatarwa kan hadisin da ya hana ƙarin gashi, wanda shi ne dalilin da ya sa gashin dokin ƙanwata bai kai labari ba. Ba doka aka yi mata ba, shuku aka yi, da gashinta.

Mu koma gidanmu na fim. Lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, kai ya riga ya fara rufuwa. Da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, rufe kai a gaban kyamara ya ƙara zama dole. Ban ga laifin wannan ba. Inda nake ganin sakacin daraktocinmu shi ne fim ɗin gargajiya. Za a ce labarin zamanin su Ɗanwaire ne, a nemo doki da takobi, amma amarya ta fito da ɗaurin ɗankwalin bana da jan bakin kanti. Ko siffar doka a ƙarƙashin mayafi ba a iya kwaikwaya. A Kudu, mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya tun 1968, ya tara kusan hoto 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. Mu da kyamara ke hannunmu kullum fa?

Ga shi kuma masu sanin suna watsewa. Rikicin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka da rugage da dama a gefen Rugu. A watan Fabrairu 2020 kaɗai an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Tsohuwar da ta yi gudun hijira zuwa Katsina ko Dutsinma, ba ta kitso take ba, kuma 'yar da za ta zauna kusa da ita tana miƙa mata kibiya ta koma wani garin.

Bayan an kai amarya na tambayi Gwaggo ko za ta iya yin doka in na kawo kyamara. Ta ce hannunta ya fara rawa, amma in na samo shuni na gaske da yarinya mai haƙurin zama, in zo bayan an cire amfanin gona.