Gauɗe da Danginsa a Dajin Ƙasar Yankara

Tun kafin masana ilimin tsirrai na zamani su tsara itatuwan Afirka ta Yamma iyali-iyali, mazauna ƙasar Yankara, wadda take kan hanyar Funtua zuwa Gusau a ƙaramar hukumar Faskari, suna da nasu ma'aunin gane tsiro, kuma ma'aunin ya fi dogara ga wurin da tsiro yake fitowa fiye da siffar furensa. Wannan ya bayyana sarai a iyalin da masana suke kira Rubiaceae, wato dangin bishiyar gahawa da ta kwinin, wanda alamarsa ita ce ganyaye su fito suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya, da ɗan kunne ƙarami a tsakaninsu. A dazuzzukan Turai da Amurka fitaccen ɗan wannan iyali shi ne Galium, ciyawa mai kara mai kusurwa huɗu wadda ganyayenta suke kewaye gaɓa kamar tauraro, kuma mutanen da suna cusa busasshiyarta a katifa. Amma ciyawar ta fi son sanyi, shi ya sa a wannan yanki 'yan uwanta ne suka cika gurbinta.

Maharba da makiyaya da masu magani sun raba waɗannan dangi bisa mazauninsu. Giyayya ta fadama ce da bakin tafki, inda ruwa yake kwanciya da damina, har ganinta daga nesa yakan shaida wa makiyayi cewa akwai laima a ƙasa. Tafashiya tana bin rafi da kurmi, ana jiƙa saiwarta mai ɗaci domin zazzaɓi da ciwon ciki. Gogamasu kuwa ƙaramar ciyawa ce ta gona da saura, wadda ake murza ganyenta a goga wa makero.

Gauɗe ne ya fi su shiga rayuwar gida. Gajeriyar bishiya ce mai tauri, ta tudu mai tsakuwa da marmara, rassanta a murɗe suke, furenta fari ne mai ƙamshi wanda yake rikiɗa ya koma rawaya idan ya kwana biyu, kuma ana bambanta wanda ake cin 'ya'yansa da gauɗen kura, wanda nasa 'ya'yan suka cika tauri. Daga 'ya'yan wannan dangi, musamman na katambiri, mata suke samun ruwan kwalliya: a fasa ɗan, a matse ruwansa, a tsoma siririn tsinke a zana a goshi da kumatu, zanen ya fito dishi-dishi da fari, sa'an nan ya yi baƙi ƙirin bayan 'yan sa'o'i, ya ɗauki kwanaki bai goge ba. Abin lura ne cewa sunan bishiyar katambiri ya zama sunan adon kansa, abin da yake nuna daɗewar al'adar.

Likitan nan ɗan ƙasar Sikotland, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara irin waɗannan sunaye a ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa a 1916, ya faɗaɗa bayanin amfaninsu a 1937, kuma abin da ya rubuta daga bakin mutanen karkara ya samo shi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dajin Kogo na jihar Katsina gandun daji na ƙasa, tare da wasu guda tara. Sai dai matakin ya zo a lokacin da 'yan bindiga suka riga suka raba mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da dajinsu, kuma wannan asara ce mai zafi, domin yaron da bai bi kakarsa tudu ya ga gauɗe a tsaye ba, sunan kawai zai gada, ba zai iya nuna bishiyar ba.