Daga Maroko Zuwa Fadaman Mada: Ɗan Tarihin Butar Shayi

Jiya wani ɗan ajinmu ya ce zaman shayi ɓata lokaci ne kawai. Na ce to, bari in ɗan ja mu baya.

Kafin shayi, goro ne abin sada zumunci a ƙasar Hausa, fatake kan yi watanni a hanyar Gwanja don ɗauko shi. Shayi baƙo ne, sunansa ma daga Larabci muka aro. Koren ganyen nan daga ƙasar Sin yake fitowa. Ya daɗe a gidajen manya a Maroko, sai a tsakiyar ƙarni na 19, wajen lokacin yaƙin Kirimiya (1853 zuwa 1856), 'yan kasuwar Ingila suka cika tashoshin ruwan Maroko da shi, ya sauko hannun talaka. Daga nan ayarin raƙuma suka ratsa Sahara da shi har Tambutu da Agadas, Buzaye suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Farin 1973 da na 1984 ya karkashe dabbobi, Buzaye da yawa suka gangaro garuruwanmu, wasu suka kama gadi. Ba su zo hannu rabbana ba: ga 'yar buta, ga murhun waya, ga ƙananan kofuna. A Damagaram matasa suka kafa "fada" a shekarun 1990, mu kuma nan muka ce majalisa.

Sirrin abin fa shi ne jira. Dahuwa uku ake yi, ta farko da ɗaci, ta ƙarshe da zaƙi, gawayi kuma ba ya gaggawa. Kofin ƙarami ne, dole ya zagaya. 'Yan Kuba mazauna Miami a Amurka ma haka suke da gahawarsu, a sayi kofi guda a rarraba a 'yan mitsi-mitsin kofuna.

Ni shaida ne. Wata shida na yi ina haya a Fadaman Mada, tsakanina da mutanen layi sai "sannu, sannu". Kallon baƙi suke mana, mu ma muna ɗaga kai. Rannan maigadin layinmu ya ce, "Ɗan makaranta, zo ka sha." Na ce, "Baba, jarrabawa gare ni." Ya ce, "Kofi ɗaya ba ya kayar da mutum." Wallahi a tabarmar nan na san tela, na san mai gyaran waya, na san mai Keke Napep ɗin da ke kusa da mu.

Da zazzaɓi ya kwantar da abokin ɗakina ƙarfe biyun dare, shi mai keken nan ya kai mu asibiti, ya ƙi karɓar ko sisi. Da ban taɓa zama ba, ƙofar wa zan buga?

Don haka in an miƙo maka kofi a unguwar da kake haya, karɓi. Gobe kai ma ka sayo sukari ko gawayi. Amma a tashi in an kira salla, kuma kada majalisa ta cinye karatu. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.