Noman masara a arewacin Najeriya

Masara hatsi ce da ta samo asali daga kudancin Meziko, ta iso Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Jihar Kaduna na cikin manyan masu noma ta a Najeriya, musamman yankunan Saminaka da Giwa, sai Funtuwa da Dandume a Katsina.

Masara na son ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwantawa a cikinta. Ana shuka ta bayan damina ta kankama, galibi a watan Yuni, da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. Ana zuba takin NPK da wuri, yuriya kuma bayan mako huɗu zuwa shida.

Ciyawar wuta-wuta na maƙale wa saiwar masara tun kafin ta ɓullo, har shukar ta tsumbure. A 2016 aka fara ganin wata tsutsa a Najeriya, 'yar asalin nahiyar Amurka wadda ke ɓuya a zuciyar shuka tana huda ganye. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ce ke fitar da irin SAMMAZ, ciki har da masarar TELA mai jure tsutsa, wadda aka amince da ita a Janairun 2024.