Labarin Haruffa Masu Ƙugiya, Daga Dalma Zuwa Kwamfuta

Wanda ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya shiga Tudun Wada, ba zai yi nisa ba sai ya ji ana ambaton Gaskiya. Hanya ce, unguwa ce kuma, amma asalin sunan na wani kamfani ne da Gwamnati ta kafa a wurin cikin 1945 domin buga jarida da littattafai. A nan ne haruffa uku na Hausa, watau ɓ da ɗ da ƙ, suka sami gida suka zauna. Yawancin masu karatu sun san su tun daga aji, ba su ɗauke su bakin kome ba. Alhali kuwa babu wata na'urar rubutu da ta zo ƙasar Hausa face sai da aka yi fama da ita kafin ta karɓe su, kuma faman da ya fi daɗewa shi ne wanda aka yi da kwamfuta.

Malaman ajami ba su sha wannan wahala ƙwarai ba, gama sun ari harafin ɗa da harafin ƙaf na Larabci sun biya bukatarsu. Boko ne ya zo hannu rabbana. Haruffan Turawa 26 ne, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya san bambancin fada da faɗa, ko kara da ƙara. In magatakardan alƙali ya rubuta cewa wane ya kawo kara, sai mai karatu ya tsaya ya yi tunani, shin shari'a ake nufi ko darni za a yi. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ya tsara ƙa'idodin rubuta Hausa da boko cikin 1912. Duk da haka aka daɗe ana ta gwaji, wasu suna ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu suna rataya masa 'yar alama a gefe. Sai cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan ƙugiya. Siffar kuwa an ɗauko ta ne daga jerin haruffan da wata ƙungiya ta masanan harsunan Afirka ta tsara, wadda Bajamushe Westermann yake cikin manyanta.

Yanke shawara daban, samun harafin a hannu daban. A wancan zamani kowane harafi ɗan guntun dalma ne, mai jeri yana tsinto su yana shirya su layi-layi, a shafa tawada a danna takarda. Harafin da ba a zuba shi da dalma ba, ba shi da hanyar hawa takarda. Saboda haka sai da aka ƙera wa ƙugiyoyin nan nasu zubi, babba da ƙarami. Da suka samu kuwa, sai aiki ya kankama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, yana editanta. Da aka tashi Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan littattafai daga Zariya zuwa kowane lardi. Dattijon da ya koyi karatu a ajin yamma, da yaron elemantare mai riƙe da Ka Ƙara Karatu, duk da ƙugiya suka buɗe ido.

A ofis kuwa labarin bai yi daɗi haka ba. Tafiretocin da suka cika ofisoshin En'e don Turanci aka ƙera su. Akawu mai kula yakan buga takarda, ya zare ta, sa'an nan ya bi ta da alƙalami yana lanƙwasa kan kowane b da d da k da ya cancanta. Akawu marar kula yakan bar ta haka nan, ya ce ai mai karatu Bahaushe ne, ya gane. Wannan magana ta biyu ta yi tsawon rai fiye da tafiretar kanta.

To, sai kwamfuta ta zo. Kwamfutocin farko manya ne, ɗaya takan cika ɗaki, sai gwamnati ko banki ko jami'a ke iya mallakarsu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Samaru cikin 1962, tana da cibiyar irin wannan aiki, wadda aka sa wa sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi. Aikin waɗannan injuna lissafi ne, ba ruwansu da wasiƙa ko littafi. Ƙaramar kwamfuta, wadda mutum guda zai aza bisa tebur, ita ce ta taɓa masu rubutu. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da tasa cikin Agusta 1981, kamfanin Apple ya fito da Macintosh cikin 1984.

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci abu biyu. Kwamfuta tana da gangar jiki, watau ƙarfe da gilashi da waya. Tana kuma da umurnin da aka rubuta mata, wanda ake kira manhaja. Cikin manhajoji akwai babba guda wadda take tashi tun da aka kunna inji, ita ke karɓar abin da aka taɓa a allon maɓallai, ta nuna shi a gilashi, ta ajiye takardu, ta aika da su wurin bugawa. Matsayinta kamar na babban akawu ne a ofis: ba shi ke rubuta kowace wasiƙa ba, amma babu wasiƙar da za ta shiga ko ta fita sai ta tebur ɗinsa. Wadda IBM ta ɗora wa injinta ana kiranta DOS, ta samo ta daga wani ƙaramin kamfani mai suna Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa cikin 1975. IBM ba ta hana Microsoft sayar wa wasu maƙera manhajar nan ba. Wannan sakaci kuwa shi ya mai da ɗan kamfanin nan ƙato, gama maƙera da yawa suka shiga kwaikwayon injin IBM, kowanne kuma sai ya biya Microsoft. Daga baya ta fito da Windows cikin 1985, wadda ta game duniya bayan 1990.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa, shi ne kuwa tushen wahalar. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa cikin wani jadawali, kamar yadda kowane mai gida yake da lambarsa cikin littafin haraji. Jadawalin da Amurkawa suka tsara cikin 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 ne kacal gare shi. Babban A lamba 65 ne, ƙaramin b 98, d 100, k 107. Da aka faɗaɗa gurabe zuwa 256, sai aka raba ƙarin ga haruffan Faransanci da Jamusanci da makamantansu. Ƙugiyoyin Hausa ba su shiga littafi ba. Wanda ba ya cikin littafi kuwa, a wurin hukuma babu shi, ko da yana tsaye a ƙofar ofis.

Cikin shekarun 1990 kwamfuta ta cika shagunan buga takardu a Kano da Kaduna da Zariya. Ɗalibai suna kawo kundin digiri, marubutan littattafan hikaya suna kawo labarunsu, kowa yana son Hausarsa ta fita daidai. Sai masu dabara suka tashi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka fara zana wa kwamfuta zubin haruffa masu ƙugiya, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda aka sani da Rabi'at. Dabarar irin wannan zubi ita ce aron gurbi. Sai a duba alamar da Hausa ba ta bukata, kamar bakan nan masu lanƙwasa na gefen allo, ko haruffan q da x da v, a shafe hotonta a zana ƙugiya a wurin. Mai bugu ya taɓa q, gilashi ya nuna masa ƙ, takarda ma ta fito da ƙ. Lalle wannan dabara ta yi amfani ƙwarai, littattafai da jaridu masu yawa da ita aka buga su, kuma wanda ya raina ta bai san irin ƙuncin da aka fito daga ciki ba.

Amma fa riga aka sauya, mutumin yana nan yadda yake. Hoton ne ya zama ƙ, lambar da ke ƙasa ta q ce. Muddin takarda tana cikin injin da aka ɗora wa zubin nan, lafiya lau. Ranar da aka kai ta wani inji, ko aka aika da ita ta intanet, sai rigar aro ta faɗi, asiri ya tonu. Shi ya sa mai karatu yakan ci karo da qasa da xaya da varawo, ko }asa da ]aya da ~arawo, ya yi zaton mai bugu ne ya sha wani abu. Wasu kuma suka koma ga tsohuwar hanya, suna rubuta k'asa da d'aya. Ta haka kalma guda ta sami fuska huɗu ko biyar. Ɓarnar ba a ido kaɗai ta tsaya ba: in mutum ya umurci kwamfuta ta nemo masa duk inda aka ambaci ƙasa, ba za ta kawo qasa ko k'asa ba, domin a wurinta waɗannan baƙi ne, ba ta san suna da dangantaka ba.

Abin mamaki, maganin ya riga ya samu tun kafin cutar ta yi tsanani. Cikin 1987 wasu injiniyoyi na kamfanonin Xerox da Apple suka fara shirin jadawali guda wanda zai ɗauke rubutun duniya duka, Larabci da Sinanci da Habashanci da sauransu. Aka kafa ƙungiyarsa a Kalifoniya cikin 1991, aka sa masa suna Unicode. A cikinsa ƙugiyoyin Hausa suka sami lambobinsu na kansu, ba aro ba: babban Ƙ 408, ƙarami 409, ɗ 599, ɓ 595. Har da ƴ, wanda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar inda mutanen Nijeriya suke rubuta 'y. Yanzu jadawalin nan yana ɗauke da alamomi fiye da dubu ɗari.

Shiga littafi dai an shiga, amma sai aka yi shekara da shekaru ana jiran sauran. Lamba ba ta isa ba sai an zana mata hoto, kuma zubin haruffan da kowa yake aiki da su a Windows, irin su Times New Roman da Arial, ba su da hoton ƙugiya. In takarda ta zo da ƙ na gaskiya, sai gilashi ya nuna ɗan akwati fanko a gurbinsa. Ba a cike wannan giɓi sosai ba sai a Windows Vista, wadda ta fito cikin 2007. Sa'an nan a Windows 7, ta 2009, aka sa tsarin allon maɓallai na Hausa, aka kuma tanadi fassarar umurnin manhajar da Hausa ga mai so. Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda ciniki yake can yake fara kai kaya, masu sayen manhaja da kuɗi kuwa a ƙasar Hausa ba su da yawan da zai sa a yi gaggawa dominsu.

Ana cikin wannan jira sai wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, ta kai rubutu hannun mutanen da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Wayoyin farko maɓallansu 12 ne, ba ƙugiya. Ko da waya ta iya, akwai hasara: saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma in aka sa harafi ɗaya wanda ba ya cikin jadawalin saƙonni, sai ya koma 70, kuɗi ya ƙaru. Yara masu yawa sun fara rubuta Hausa a wannan hali, hannunsu ya saba da kasa a wurin ƙasa. Daga baya manyan wayoyi masu manhajar Android, wadda ta fara fita cikin 2008, suka zo da Unicode tun daga tushe. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a watan Disamba 2013, Facebook ya sa ta cikin harsunansa a 2016. Yau mai waya yana iya zaɓar allon Hausa, ya sami ƙugiyoyinsa a ƙarƙashin ɗan yatsa, kyauta, ya aika da su Yamai ko Makka ko Landan su isa yadda ya rubuta su.

Saura aiki biyu. Na farko, yawancin masu rubutu ba su zaɓi allon nan ba tukuna, maganar tsohon akawu suke maimaitawa, ai mai karatu Bahaushe ne. Mai karatu kam yana ganewa, amma na'urar fassara da na'urar nema daga abin da aka rubuta suke koyo, in an ba su kara a wurin ƙara haka za su riƙe. Na biyu, takardun da aka buga da zubin aro cikin shekarun 1990 da bayansu suna nan jibge cikin tsofaffin injuna da faya-fayai, kundaye da littattafai da jaridu. Gyaransu ba shi da wuya, umurni ne za a ba kwamfuta ta mai da kowane q zuwa ƙ, kowane x zuwa ɗ, kowane v zuwa ɓ. Sai dai dole mutum ya zauna ya bi takardar da ido bayan an gama, gama in akwai sunan Bature ko kalmar Turanci a ciki, ita ma juya ta za a yi, Vischer ya wayi gari ya zama Ɓischer.